Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu riƙe da mulki a lokacin da ƙasa ke cikin yaƙi

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Wannan wasiƙa taku ce, ku shugabannin ƙasa da ministocin tsaro da manyan hafsoshin soja da masu magana da yawunku, a duk ƙasar da Allah ya jarabta da yaƙi, na waje ne ko na cikin gida. Na san hankalinku ba a kwance yake ba, na kuma san a irin wannan hali ba ku son dogon surutu, amma ku daure ku karanta, don abinda ya sa na rubuto ya shafi yaran da kuke turawa bakin daga ne kai tsaye.

Akwai wani hali da kusan kowace gwamnati ke ɗauka da zarar an fara jin ƙarar bindiga. Duk wanda ya buɗe baki ya ce ina aka kai kuɗin makamai, ko me ya sa aka saki bom a wancan ƙauyen, ko yaushe wannan abu zai ƙare, nan take sai a ce ai ba shi da kishin ƙasa, yana karya wa sojoji gwiwa, ɗan koren abokan gaba ne, maci amana ne. Daga nan sai kamu da tsakar dare, sai garƙame gidan jarida, sai datse intanet, sai a sako masa yaran da aka ɗauka aikin zagi su yi ta yayyaga shi har uwar da ta haife shi ba za su ƙyale ba. Roƙona gare ku shi ne ku daina. Ina tausayin waɗanda ake kamawa, sosai ma, amma babban dalilina ya wuce nan: duk ranar da kuka toshe bakin jama'a to kunnenku kuka toshe, kuma wanda zai fara ɗanɗana kuɗar wannan kurumtar shi ne ƙaramin sojan da ke kwance cikin rami yana jiran harsashin da bai iso ba.

Ku duba abinda ya faru a Ingila a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojinsu da ke Faransa harsasan igwa sun yi musu ƙaranci, ana tura su farmaki ba a gama rusa shingen Jamusawa ba, suna ta zubewa. Jaridar The Times ce ta fasa ƙwan a watan Mayu, sai Daily Mail ta ɗora, ta nuna ministan yaƙi Lord Kitchener da yatsa, mutumin da a lokacin ake ganinsa kamar ba ya kuskure. Mutane suka fusata, har ƙona jaridar aka yi a kasuwar hannun jari ta Landan, ana cewa ta ci amanar ƙasa. To amma me ya biyo baya? A cikin makonni gwamnati ta sauya fasali, aka ƙirƙiri ma'aikata sukutum ta ƙera makamai aka damƙa wa Lloyd George, harsasai suka fara isa bakin daga. Ni dai a ganina wanda ya rubuta labarin nan ya fi wanda ya ƙona jaridar amfani ga sojan Ingila nesa ba kusa ba, ko da kuwa mai ƙonawar da zuciya ɗaya ya yi.

Haka a 1940. Hitler ya mamaye Norway, Ingila ta kwashi kashinta a hannu a can, kuma a ranakun 7 da 8 ga Mayu majalisarsu ta zauna ta yi wa firaminista Chamberlain wankin babban bargo, har da 'yan jam'iyyarsa. Ba wanda ya ce a ɗage zaman sai bayan yaƙi. Ranar 10 ga wata Churchill ya hau. Shi kansa Churchill ɗin bai tsira ba, a Yulin 1942 bayan garin Tobruk na Libiya ya faɗa hannun Jamusawa an kawo ƙudurin rashin amincewa da yadda ake tafiyar da yaƙin, aka yi muhawara a fili, ya tsaya ya kare kansa, ya yi nasara da ƙuri'a 475 da 25, kuma mutum 25 ɗin nan gidajensu suka koma suka kwana. A Amurka ma wani sanata, Harry Truman, tun 1941 ya jagoranci kwamitin da ke bin diddigin kwangilolin soja, yana zagaya barikoki da masana'antu yana tono almundahana da kayan jabu ana cikin yaƙin, daga baya shi ne ya zama shugaban ƙasa a 1945. Waɗannan ƙasashe su suka ci yaƙin. Jamus da ba mai iya ce wa Hitler uffan ita ta ƙare a toka.

Ranku ya daɗe, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu ku juya ku ga ɗaya ɓangaren, inda aka ƙi saurara. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, zuciyar Amurkawa na tafasa, kuma ba wanda zai ga laifinsu, mutum kusan 3,000 aka kashe musu a safiya ɗaya. Kwana uku bayan nan majalisar wakilai ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja, ƙuri'a 420 da 1. Ɗayar nan Barbara Lee ce, mace baƙar fata daga California, 'yar tsohon soja, abinda ta ce kawai shi ne a dakata a yi tunani, izinin ya yi faɗi da yawa. Barazanar kisa ta dinga zuwa mata har sai da aka haɗa ta da masu gadi. Izinin nan da ta yi ƙorafi a kai an yi ta jan sa kamar roba ana kai hare-hare da shi a ƙasashe daban-daban fiye da shekara 20. A cikin wannan yanayi na ko kana tare da mu ko kana tare da 'yan ta'adda aka shirya yaƙin Iraƙi. Hans Blix da masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya suna cewa a ba su lokaci, Janar Eric Shinseki, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, ya faɗa wa majalisar dattawa a Fabrairun 2003 cewa riƙe Iraƙi zai ci sojoji dubu ɗaruruwa, manyan ma'aikatar tsaro suka fito suka gwale shi a bainar jama'a, ranar 15 ga Fabrairu miliyoyin mutane suka cika titunan Landan da Rum da Madrid da sauran birane, minista Robin Cook ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin Birtaniya ta Tony Blair ranar 17 ga Maris, duk da haka ranar 20 ga wata aka afka. Ba a samu makaman ƙare dangin da aka ce Saddam na da su ba. Sojan Amurka sama da 4,400 suka mutu, na Birtaniya 179, 'yan Iraƙi kuwa dubu ɗaruruwa, ga ƙasa ta tarwatse, ga ƙungiyar IS da ta tsiro daga cikin ɓaraguzan. A 2016 rahoton kwamitin Chilcot, wanda Birtaniya ta kafa don binciken yaƙin, ya fito ya ce an tafi yaƙi tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba, kuma an gabatar da bayanan sirri da tabbacin da ba su kai ba. Shekara 13 kenan bayan an kira masu faɗin haka matsorata da marasa kishi. Iyayen yaran da aka dawo da su cikin akwati, me wannan rahoto zai mayar musu?

Kuma abin da ke ƙona min rai shi ne yadda kuke fakewa da sojan. Kullum maganar ita ce kar a karya wa sojoji gwiwa. Ku tambayi sojan mana abinda ke karya masa gwiwa. A Disambar 2004 a wani sansani a Kuwait, wani ƙaramin soja ya miƙe a gaban sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld, a gaban dubban 'yan uwansa, ya tambaye shi me ya sa sai sun bi juji suna tono ruɓaɓɓun ƙarafa da fasassun gilasai suna liƙa wa motocinsu a matsayin sulke kafin su shiga Iraƙi. Wurin ya ɗauki tafi da sowa. Rumsfeld ya amsa da cewa ai da rundunar da kake da ita kake zuwa yaƙi, amma saboda an watsa tambayar duniya ta ji, maganar sulken motoci ta zama abin da gwamnati ba ta isa ta share ba. A Najeriya kuma a Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuma suna cewa ba a ba su kayan faɗa ba. Shekara na zagayowa sai ga badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da ake zargin an karkatar, aka kuma sassauta musu hukuncin zuwa ɗaurin shekara 10. Rashin harsashi da rashin alawus da ganin matar abokinsa da ya mutu tana yawon ofis-ofis neman haƙƙin mijinta, waɗannan ne ke kashe wa soja jiki, ɗan jaridar da ya rubuta su bai ƙirƙire su ba.

Akwai wani mutum da nake so ku riƙe sunansa, Hugh Thompson. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne na sojan Amurka a Vietnam. Ranar 16 ga Maris 1968 yana shawagi a kan ƙauyen My Lai sai ya hango gawarwaki cike da kwata, mata da tsofaffi da jarirai, ya kuma gane 'yan uwansa sojoji ne ke wannan aika-aikar. Ya sauke jirginsa a tsakanin sojojin da wasu 'yan ƙauye da suka ɓuya a wani rami, ya ce wa yaransa biyu da ke kan bindiga idan sojojin nan suka buɗe wa mutanen wuta to su ma su buɗe musu, ya taka da ƙafarsa ya lallashi mutanen suka fito, ya kira wasu jirage aka kwashe su. Da za su tafi ɗaya daga cikin yaransa ya ga motsi a cikin gawarwakin kwatar, ya shiga cikin jini ya zaro wani yaro da rai. Thompson ya koma sansani ya kai rahoto yana huci. An danne labarin fiye da shekara guda har sai da ɗan jarida Seymour Hersh ya fallasa shi a Nuwambar 1969. Mutanen da aka kashe a ranar, sojan Amurka ya ce 347, Vietnam ta ce 504. Shi kuma Thompson da ya ba da shaida, wasiƙun zagi da barazanar kisa ya dinga samu, har matattun dabbobi ake yar masa a ƙofar gida, wani babba a majalisa ma ya nemi a ce shi ne ya cancanci hukunci. Sai a 1998, bayan shekara 30, rundunar ta kira shi ta rataya masa lambar yabo. Ku faɗa min tsakani da Allah, a ranar nan a My Lai wa ya kare mutuncin tutar Amurka, shi ko masu harbin?

Mu da muka taso da karatun sira ma bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A Badar, Manzon Allah (SAW) ya sauke runduna a wani wuri, Hubab ɗan Munzir ya zo ya tambaye shi, wannan wurin umarnin Allah ne ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi? Da aka ce masa dabarar yaƙi ce sai ya ce to nan bai dace ba, a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, kuma aka tashi aka matsa. Ana dab da gwabzawa fa, da shugaban da ba a taɓa yin kamarsa ba. Bayan Uhudu kuma, inda aka bi shawarar masu cewa a fita wajen gari kuma aka sha wuya, ayar da ta sauka a cikin Ali Imrana cewa ta yi a yafe musu, a nema musu gafara, a ci gaba da shawara da su cikin al'amari. To wane janar ne ko wane shugaban ƙasa yau zai ce shi ya wuce a tambaye shi?

Ba ina cewa komai ya halatta a faɗa ba, kar a juya min magana. Wanda ya ɗauki bidiyon ayarin sojoji ya watsa yana faɗin hanyar da suka bi da lokacin da suka tashi, wannan ya sa rayuka a haɗari, a hukunta shi. Wanda ya hau rediyo yana tunzura wata ƙabila ta far wa wata shi ma haka. Duniya ta ga aikin gidan rediyon RTLM a Ruwanda a 1994, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana karanto sunayen mutane da inda suka ɓuya, aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, kuma kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure jagororinsa a 2003, ta kuma yi daidai. Amma ku lura, wannan rediyo ba na 'yan adawa ba ne, na kusa da masu mulki ne, kuma da sunan kishin ƙasa yake magana. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda mafi yawanku kun sa wa hannu, sashe na 19 ya ba da damar taƙaita magana saboda tsaron ƙasa amma sai da doka rubutacciya kuma gwargwadon larura, sashe na 20 kuma abinda ya ce a haramta shi ne furofagandar yaƙi da hura wutar ƙiyayya. Babu inda aka ce a kama mai cewa a yi sulhu.

Matsalar ita ce dokokin da kuke yi cikin fushi ba sa tsayawa a kan ɗan leƙen asiri. A 1918 Amurka ta yanke wa Eugene Debs, wani ɗan siyasa jagoran ma'aikata, ɗaurin shekara 10 saboda jawabi guda da ya yi a garin Canton na jihar Ohio yana cewa talakawa ake turawa su mutu a yaƙin da ba su suka ƙulla ba, dattijo mai shekara sama da 60, yana gidan yari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1920 ya samu ƙuri'a sama da 900,000, ƙarshe dai a 1921 aka sake shi. A 1942, Amurka na yaƙi da Japan, aka kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan aka zuba a sansanoni, yawancinsu haifaffun Amurka ne, 'ya'yansu na can Turai suna mutuwa a ƙarƙashin tutar Amurka iyayen na bayan waya, sai 1988 gwamnati ta nemi afuwa ta biya diyya. A Rasha a Maris 2022 aka yi dokar ɗaurin har shekara 15 ga mai yaɗa abinda gwamnati ta kira labarin ƙarya kan soja, kuma ɗaya daga cikin na farko da ta ci shi ne wani kansila a Mosko, Alexei Gorinov, shekara 7, laifinsa a zaman kansiloli ana maganar gasar zane ta yara ya ce ta yaya za a yi wannan alhali yara na mutuwa a Ukraine. Har mai riƙe da farar takarda da ba a rubuta komai a kai ba 'yan sanda sun ja. Wane sirrin soja kansilan nan ya tona?

Abinda kuke yawan haɗewa, wani lokaci da gangan, shi ne ƙasa da gwamnati. Ku ma'aikata ne da aka ba riƙo na ɗan lokaci, ƙasar kuwa ta mai goyon bayanku ce kuma ta mai sukarku ce, kakanninsa a nan aka binne su, 'ya'yansa a nan za su rayu, harajinsa ne ake sayen bindigar da shi, ƙaninsa ne ke riƙe da ita. Ɗan dambe Muhammad Ali ya ƙi shiga sojan Amurka a Afrilun 1967 ana yaƙin Vietnam, aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa shekara 5, aka hana shi dambe sama da shekara 3 a lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa, bai gudu ya bar ƙasar ba, ya tsaya ya bi ta kotu har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. Shi ne dai aka miƙa wa wutar Olamfik ya kunna a Atlanta a 1996 duk ƙasar na hawaye. Mutumin bai canja ra'ayinsa kan Vietnam ba, ƙasar ce ta iso inda yake tsaye.

Su ma masu suka ina da magana da su a taƙaice, tunda na san za su karanta: kar ku yi murna da gawar soja don kun tsani gwamnati, kar ku yaɗa hoton da ba ku tantance ba, uwar da ɗanta ke bakin daga tana karanta abinda kuke rubutawa. Amma wannan tsakaninmu ne mu talakawa, ba lasisi ba ne gare ku na kama kowa.

Don haka ranku ya daɗe, ga abinda nake nema. Waɗanda ke tsare a hannunku saboda rubutu ko jawabi ko zanga-zangar lumana, in kuna da shaidar sun ba abokan gaba sirri ko sun yi kiran a kashe wani, ku kai su kotu a buɗe, da lauyansu, alƙali ya gani, in babu ku sake su su koma wa iyalansu. Duk dokar ta-ɓaci da za ku yi ku rubuta mata ranar ƙarewa, kar ta zama ta gado, don gobe wani ne zai hau kujerar kuma da ita zai kama ku. Ku bar majalisa ta binciki kuɗin makamai yanzu da ake yaƙin, ba sai an gama an binne yaran mutane ba. Ku faɗi adadin sojojin da aka rasa, ku sanar da iyayensu da bakinku kafin su gani a Facebook. In jirginku ya yi kuskure ya faɗa wa farar hula ku fito ku ce mu ne, ku yi bincike, ku biya diyya, ku daina cewa duk 'yan ta'adda ne alhali mutanen garin sun san sunan kowace gawa. Sannan yaran nan da ake biya suna zagin duk mai tambaya, ku sallame su, kuɗin a saya wa sojoji takalma da magani.

Allah ya kare sojojin da ke bakin daga, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ku mashawartan da ba sa tsoron ɓacin ranku.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa.